Kyamara a wurin tantance hatsi: me take gani, me ba ta gani, kuma wa abin zai shafa?

Duk mai kai masara ko shanshera ko riɗi kamfani ya san maganar nan da ake faɗa a bakin get, wai a jira sakamakon lab. Mota na tsaye, direba na ƙorafi, kai kuma ba ka san me ake yi da ɗan abin da aka ɗiba a buhunanka ba, sai dai a fito da takarda a ce an rage kaza. To yanzu kuma ga wani zancen ya shigo, wai akwai na'urar da ake zuba mata hatsi ta ɗauke shi hoto cikin 'yan mintuna ta faɗi ingancinsa, har ana tallar manhajojin waya da suke cewa ka baza hatsi a faranti ka ɗauka da wayarka shi kenan an gama. Mutane sun rabu biyu, wasu sun ɗauka cuta ta ƙare tunda inji ba ya karɓar na goro, wasu kuma suna ganin sabuwar hanyar zaftare wa manomi kuɗi ce aka kawo da sunan kimiyya. Sai dai yawancin gardamar ana yinta ne a kan na'urori daban-daban da aka cakuɗa wuri ɗaya, shi ya sa ba a cika fahimtar juna ba.

## Shi ingancin hatsi me ya ƙunsa

A kasuwanninmu, ko Dawanau ko ƙaramar kasuwar ƙauye mai ci mako-mako, dillali yana da nasa gwajin. Ya soka ƙarfen nan mai kogo a jikin buhu, ya zuba a tafin hannu, ya hura ya ga yawan ƙaiƙayi, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya datsa da haƙori ya ji ko ta bushe, ya ɗan shinshina. Nan take ya yanke kuɗi, kuma sau da yawa yana dacewa. Damuwar kawai ita ce hukuncin a kansa yake ba a takarda ba, wanda yake zaune a Legas ko a Japan ba zai tura kuɗi a kan "wallahi kayan nan sun yi kyau" ba, cinikin biri a sama kenan.

Shi ya sa ƙasashen da suke cinikin hatsi daga nesa suka mayar da abin lambobi. Amurka ta yi dokar ma'aunin hatsi tun 1916, kuma har yau masara lamba ɗaya a wurinsu ita ce wadda lalatattun ƙwayoyin cikinta ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba, gutsattsari da datti kuma ba su wuce kashi 2 ba. Lamba biyu an ɗaga zuwa kashi 5 da kashi 3. A shinkafa kuma ƙwayar da tsawonta bai kai kashi uku cikin huɗu na cikakkiya ba ita ake ƙirgawa a karyayya, daga nan aka samo abin da kake gani a jikin buhunan shinkafar waje, mai karyayya kashi 5 ko kashi 25.

In ka duba abubuwan da ake aunawa za ka ga kashi biyu ne. Akwai waɗanda ido yake gani: tsakuwa, ƙasa, ƙaiƙayi, karyayya, wadda ƙwaro ya huda, wadda ta yi funfuna, wadda ta fara tsiro, wadda ba ta ƙosa ba, da gaurayen wani iri, misali kaura a cikin farfara. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani: yawan danshi, sinadarin gina jiki, mai, ragowar maganin ƙwari, da guba. Wannan rabon shi ne gindin maganar gaba ɗaya, domin kyamara a kashi na farko take aiki.

## Yadda na'urar take aiki

Aikin mai tantancewa a lab ba wani abin mamaki ba ne, wahala ce zalla. Ya auna giram 100 na shinkafa misali, wanda ya kai kusan ƙwaya 5,000, ya baza a tebur ƙarƙashin fitila, ya riƙa warewa da ɗan hantsaki, karyayya gefe, mai baƙin ɗigo gefe, mai fari kamar alli gefe, sannan ya ɗora kowane kashi a sikeli. A lokacin kaka da motoci suke layi, mutum ɗaya zai yi wannan tun safe har dare, idon da ya duba samfur na farko ba shi ne yake duba na ƙarshe ba.

Na'urar hoto wannan aikin ta karɓa. Ana zuba samfur, ita kuma ta baza ƙwayoyin ko ta jero su suna wucewa gaban kyamara a cikin akwati rufaffe mai fitilarsa ta kansa, don kada hasken waje ya canza kala. Wurin da ƙwayoyin suke kai galibi shuɗi ne ko baƙi, sabida yawancin hatsi ba su da wannan kalar. Mataki na farko kwamfuta ta raba kowace ƙwaya da 'yar uwarta a cikin hoton, kuma nan ne aka daɗe ana shan wahala, don ƙwaya biyu da suka manne tana iya ɗaukarsu doguwar ƙwaya ɗaya. In ta ware su sai ta auna tsawo da faɗi da siffa da kala da yanayin fatar kowace ɗaya, sannan ta jefa ta a rukuni, lafiyayya ko karyayya ko mai funfuna ko baƙon abu. A ƙarshe ta fitar da lissafi cikin ɗari tare da hotunan, wanda mutum zai iya buɗewa ya ga ƙwayoyin da ta ce sun lalace ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ƙananan matsaloli biyu da masu ƙera na'urar suke fama da su waɗanda ba a cika faɗa a talla ba. Na farko hoto gefe ɗaya yake nunawa, in ramin ƙwaro yana ƙasa ya ɓuya kenan, shi ya sa kamfanin Cgrain na Suwidin ya sa madubai a tasa na'urar don kyamara ta ga kusan duk jikin ƙwayar a hoto ɗaya, wasu kuma suke sa kyamara sama da ƙasa. Na biyu ma'aunin ciniki da nauyi ake lissafa shi, kyamara kuwa girma take gani, ƙaiƙayi mai faɗi da tsakuwa 'yar mitsitsiya a hoto ƙaiƙayin ne babba amma a sikeli tsakuwar ce ta fi, don haka dole manhajar ta yi ƙiyasin nauyi, kuma ƙiyasi yana iya kaucewa.

Ta yaya ta san lalatacciya? Koya mata aka yi. Ƙwararrun masu tantancewa suna zama su ware dubban ƙwayoyi da hannu su sa wa kowace suna, a nuna wa kwamfuta hotunan har ta kama. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo ba sai an rubuta mata ƙa'ida ɗaya-ɗaya ba, da kanta take gano alamomin daga misalan. Amma abin da aka nuna mata shi ta sani. Kamar yaron dillali ne da ya tashi a layin 'yan alkama kaɗai, ranar da aka kai shi layin dawa aka miƙa masa kaura zai iya cewa ta ɓaci don ya ga kalarta ba irin wadda ya saba ba, alhali haka Allah ya yi ta.

## Na'urori huɗu da ake cakuɗawa

Ƙaramin abin nan mai kama da kofi ko mai dogon tsinke da ake gwada danshi da shi ba kyamara ba ne, da lantarki yake aiki. Akwai kuma babbar na'urar lab mai amfani da hasken infirared, wani haske da ido ba ya gani, wadda take faɗin danshi da sinadarin gina jiki da mai, ita ma ba hoto take ɗauka ba, tana duba yadda hatsin yake shanye hasken ne.

Sai Sortex, wadda 'yan riɗi da masu injin shinkafa suka fi sani. Asalin sunan kamfani ne da aka kafa a Landan a 1947, daga baya Bühler na Suwizalan ya saye shi, amma yanzu duk injin da yake tsince hatsi da kala haka ake kiransa. Shi yana da kyamara, hatsi na gangarowa yana kallo, ya ga baƙar ƙwaya ya harbe ta da iska ta faɗa gefe. Aikinsa gyaran kaya ne tan-tan, ba yanke daraja ba.

Ta huɗu ita ce wadda muke magana, ta kan tebur ko ta waya, wadda ba ta gyara komai, ɗan samfur kawai take dubawa ta ba da lamba. Wannan lambar ita take zama kuɗi ko ragi, shi ya sa ta fi sauran jawo magana.

## Daga ina abin ya taso

Binciken ba sabo ba ne. Tun shekarun 1980 masana a jihar Kansas ta Amurka da Jami'ar Manitoba a Kanada suke gwada raba nau'o'in alkama da hoton kwamfuta, sai dai kyamarorin lokacin da kwamfutocin ba su da ƙarfi, abin ya daɗe a ɗakin bincike.

Abin da ya riƙa tura shi gaba rashin yarda ne da kuma iyakar idon ɗan Adam. A Amurka badaƙalar da aka bankaɗo ta tauye awo da ba da darajar ƙarya a tashoshin fitar da hatsi ita ta sa aka kafa hukumar tarayya ta duba hatsi a 1976. Kanada kuma ta shafe shekaru da dama da dokar cewa ba za a yi rajistar sabon irin alkama ba sai mai dubawa zai iya gane ajinsa da ido, wanda ya ɗaure hannun masu samar da iri don ko sun samu iri mai albarka in siffarsa ba ta dace ba sai a ajiye shi, har aka soke sharaɗin a 2008 aka koma manomi ya sa hannu a takarda cewa ga irin da ya kawo. Wannan ya nuna yadda tsarin da aka gina a kan ido yake da iyaka.

Yau abin ya fita daga jami'a. Kamfanin FOSS na Denmak ya ƙera EyeFoss tare da CBH, ƙungiyar manoman Yammacin Ostiraliya, don wuraren karɓar alkama da sha'ir, tana duba kusan ƙwaya 10,000 cikin minti 4. Satake da Kett na Japan suna da nasu na shinkafa. ZoomAgri na Ajantina yana gane nau'in sha'ir daga hoto, aikin da a da sai an yi gwajin lab mai tsada. A Indiya da Faransa akwai kamfanonin da suka koma kan wayar hannu. Ka lura duk wuraren nan suna da abu ɗaya, rubutaccen ma'auni ya riga na'urar zuwa, ita ta zo ta tarar da shi ne.

## Abin da ba ta gani

Nan ne ya kamata a fi nutsuwa, don nan talla take wuce gona da iri.

Babban misali gubar afilatoksin, wadda wata funfuna take haifarwa a masara da gyaɗa in sun sha fari a gona ko aka adana su da danshi. Tana jawo ciwon dajin hanta in aka daɗe ana ci, in ta yi yawa kuma tana kisa kai tsaye, a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. Iyakar da Amurka ta sa ita ce kashi 20 cikin biliyan ɗaya, Tarayyar Turai ma ta fi tsanani, kashi 4 ga hatsin da za a ci kai tsaye. Ba kyamarar waya da take ganin kashi 4 cikin biliyan. Za ta iya ganin ƙwayar da funfuna ta bayyana a jikinta, amma ba kowace funfuna ce mai gubar ba, kuma masara tana iya yin kyau fes gubar na ciki, kyan ɗan maciji. Akwai tsohuwar dabara ta haska masara da fitilar nan irin ta duba jabun kuɗi, ƙwayar da ta kamu ta yi wani ƙyalli kore-kore, kuma a 2018 Bühler ya fito da injin tsincewa da yake amfani da wannan. Amma ƙyallin ba na gubar ba ne kanta, na wani sinadarin ne da funfunar take fitarwa tare da ita, don haka alama ce ta a yi hattara, wanda zai fitar da kaya waje dole sai ya yi gwajin sinadari.

Haka maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya sabida yawan sinadarin DDVP, wanda aka fi sani a cikin fiya-fiya. Abin lura shi ne waken da aka zuba wa maganin shi ne zai fi kyau a hoto tunda ba huda ko ɗaya, wanda aka adana tsakani da Allah ba magani kuma shi na'urar za ta iya rage wa daraja. In aka dogara da hoto kaɗai wurin biyan kuɗi, an ƙara wa mai zuba magani ƙwarin gwiwa kenan ba tare da an yi niyya ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda yake kashe ƙwari ba magani yana warware wannan, amma ita kyamara ba ta bambance waken PICS da na fiya-fiya.

Sai ƙwarin da yake ciki. Ƙwaron masara yakan huda ƙwaya ya saka ƙwai ya toshe ramin, tsutsar ta girma a ciki tana ci, daga waje ba komai sai ranar da ya fito. Ganin wannan sai da hoton eksire irin na asibiti. Akwai kuma kyamarori masu ganin launukan haske da yawa fiye da idon mutum, suna iya hango wasu abubuwan na cikin ƙwaya, amma tsadarsu ta sa har yanzu sun fi yawa a wuraren bincike da manyan kamfanonin iri. Danshi kuwa da wari, na rima ko na fetur da aka ɗauko hatsi a motarsa, hoto ba ruwansa da su.

## Rigimar samfur

Ko na'urar ta fi kowa iya ƙirga, abin da aka zuba mata shi za ta ƙirga. Tirela mai tan 30 buhu 300 ne in ana maganar buhu mai kilo 100, samfurin da yake isa lab kuma da wuya ya wuce kilo ɗaya, wanda ake zubawa a na'urar ma bai kai haka ba. Wato ana yanke wa kilo 30,000 hukunci da kilo ɗaya. Ƙa'idar da aka saba ita ce in buhuna sun haura 100 a ɗiba daga adadin da in ka ninka shi da kansa zai ba ka yawan buhunan, a buhu 300 kenan kusan 17 ko 18, daga sama da tsakiya da ƙasan mota, a cakuɗa a raba da kyau. In mai ɗiba ya tsaya a buhunan bakin ƙofa, ko ya nufi waɗanda ya ga ruwa ya taɓa, ko mai kaya ya jera masu kyau a sama ya ɓoye algus a tsakiya, lambar da za ta fito daidai take ga samfurin amma ƙarya ce ga motar. A afilatoksin abin ya fi muni don ba ta bazuwa daidai, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne suke ɗauke da ita da yawa, wake ɗaya shi ke ɓata gari, mota ɗaya a ɗiba sau biyu a samu sakamako biyu da ba su yi kama da juna ba.

Don haka wurin da son rai yake shiga bai toshe ba, matsawa ya yi daga teburin lab zuwa hannun mai ɗiban samfur da wanda ya saita na'urar.

## Me kowane ɓangare yake cewa

Masu goyon baya hujjarsu tana da ƙarfi a wuri uku. Na'ura ba ta gajiya kuma ba ta san ɗan wane ba, samfur ɗaya in aka maimaita zai ba da kusan amsa ɗaya ko da safe ko da dare, wanda masu tantancewa biyu ba lallai su yi ba. Tana da sauri, layin motoci ya ragu. Sannan tana barin shaida, hoton yana nan, in gardama ta tashi a buɗe a gani, saɓanin a ce maka kawai "kayanka da datti". Suna ƙarawa da cewa tsarin ajiye kaya a sito a karɓi rasit a ci bashin banki da shi, da kasuwannin musayar amfanin gona irin AFEX da NCX a Najeriya ko wadda Habasha ta buɗe a 2008, duk ba sa tafiya sai da darajar da kowa ya yarda da ita.

Masu ɗari-ɗari su ma ba da ka suke magana ba. Tambayarsu ta farko na'urar ta waye? In mai saye ne ya mallake ta, shi ya saita inda za a ce ƙwaya ta lalace, shi ya ɗibi samfur, to an ba ɓangare ɗaya alƙalanci, kuma lambar da ta fito daga kwamfuta ta fi wuyar musu fiye da maganar mutum, da dillali kana iya ja har a haɗu a tsakiya amma da takardar inji sai dai ka yi shiru. A Amurka in ba ka yarda da sakamako ba kana da damar neman a sake dubawa har ka ɗaukaka ƙara, kuma ana ajiye ragowar samfurin don haka, inda babu irin wannan tsarin mai kaya ba shi da wurin zuwa. Ta biyu, da wane hatsi aka koya mata? Manhajar da ta koyi alkama da sha'ir ba ta san gero da maiwa da dawa da acca ba, shinkafar da mata suka turara a gida a Kura kuma kalarta tana bambanta daga tukunya zuwa tukunya, wanda a wurin masu ci ba aibu ba ne. Ta uku batun waya, hoto a rana da hoto a inuwar rumfa ba kala ɗaya ba ne, wayoyi ma kowace da yadda take gyara hoto da kanta, shi ya sa manhajojin kirki suke zuwa da faranti na musamman ko katin daidaita kala ko ƙaramin akwati, duk wadda ta ce ɗauki kawai a ko'ina tana buƙatar a yi mata tambayoyi. Sai kuɗin saye da wuta da gyara, da kuɗin da wasu kamfanonin suke karɓa a kan kowane gwaji.

Inda duka biyun suka fi kusa da haɗuwa shi ne ƙirga karyayyar shinkafa da auna tsawon ƙwaya, nan na'urar ta yi nisa sosai. A lahani masu wuyar ganewa kuwa ko a ƙasashen da suka ci gaba ana barin mutum a gefe yana duba abin da ta yi shakka.

## Manomi, dillali da mai cefane

Ga manomin da yake kai buhu biyu kasuwar ƙauye a auna da tiya, ba abin da zai canza nan kusa, don a can da cikar kwano ake ciniki ba da kilo ba, kuma sau da yawa mai tsaftataccen kaya da mai datti kusan kuɗi ɗaya ake ba su, shi ya sa wasu ba sa ganin amfanin wahalar sheƙa da shanya a kan tamfol. Na'urar za ta amfane shi ne kawai in darajar da ta bayar tana ƙara kuɗi, ba ragi kaɗai ba. Wannan sharaɗin na ciniki ne, kyamara ba ta kawo shi.

Wanda abin zai fara taɓawa shi ne mai tara kaya ya kai kamfanin abincin kaji ko injin shinkafa ko mai fitar da riɗi waje. A ɗauki misali kawai, kamfani ya ce ya yarda da datti kashi 2, na'ura ta ce kashi 5, a rage kashi 3 daga tan 30, kilo 900 kenan, buhu 9. Bambancin kashi ɗaya tak tsakanin na'ura da ido buhu 3 ne. Mai irin wannan harkar yana da dalilin tambaya tun kafin ya yi lodi, wane ma'auni ake bi, na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya ne ko na kamfanin, zai tsaya a ɗibi samfur a gabansa, za a ba shi rabin samfurin a rufe, za a nuna masa hotunan, kuma in kayansa sun fi ma'aunin kyau akwai ƙari ko babu. Kuma duk ragin da aka yi masa a get, a sayen gaba zai mayar da shi kan manomi.

Dillalai ba za su ɓace ba, don aikinsu ya wuce duba hatsi, su suke haɗa mai saye da mai sayarwa, su tsaya wa bashi, su san wanda ba ya algus. Abin da zai ragu shi ne ribar da take zuwa daga cewa shi kaɗai ya san darajar kayan. Matan da suke aikin sheƙa da tsintar riɗi da wake a sito-sito kuwa, ba na'urar tantancewa ce barazanarsu ba, Sortex ne, duk da cewa tsananta ma'auni yana iya ƙara neman masu gyaran kaya a matakin ƙauye inda injin bai kai ba.

Mai cefane zai samu shinkafa mai ƙarancin baƙin ɗigo da karyayya, a ɗan ƙarin kuɗi. Amma akwai ɓangaren da ba a cika lissafawa ba, kayan da aka ƙi karɓa a kamfani ko inji ya harbe gefe ba zubarwa ake yi ba. Motar da aka dawo da ita kasuwa take komawa a sayar a tiya da rangwame, tsintattun ƙwayoyin kuma a niƙa su shiga gari mai araha ko abincin dabbobi, kuma saniyar da ta ci abinci mai afilatoksin tana fitar da wani kaso nasa a nono. Ma'ana in aka tsananta tacewa a ƙofar kamfani da ta fitar da kaya waje ba tare da an tanadi inda rubabben zai je ba, mai kyau ya tafi birni da ƙasashen waje, wanda aka tace kuma ya taru a kasuwar da masu ƙaramin ƙarfi suke awo, inda ba kyamara ba kuma gwajin sinadari.